Kwana Ɗaya a Marae, Shafi Biyar a Takarda: Nazarin Rubutun Waiwayen Ɗaliban Amurka a Kwasa-kwasan Al'adun Maori

Tsakure

Jami'o'in Amurka da dama suna kai ɗalibansu ƙasar Niyu Zilan na 'yan makonni domin su yi kwas a kan al'adun Maori, 'yan asalin ƙasar. Irin wannan kwas yakan ƙare da rubutun waiwaye, inda ɗalibi zai bayyana abin da ya gani da yadda abin ya shafe shi. Wannan maƙala ta dubi abin da rubutun ya saba ɗauka da abin da ya saba bari a baya. Hujjarta ita ce rubutun ya fi bayyana yadda malami ya tsara tafiyar da irin tambayar da ya yi, fiye da yadda yake bayyana zurfin fahimtar ɗalibi. Saboda haka akwai ganganci a kafa hujja da shi kai tsaye cewa kwas ya yi nasara.

Gajeriyar tafiya, dogon iƙirari

A shekarar karatu ta 2018/2019, kafin annobar korona ta tsayar da zirga-zirga, ɗaliban Amurka 347,099 ne suka yi wani ɓangare na karatunsu a ƙasashen waje, bisa rahoton Open Doors da cibiyar IIE ke fitarwa duk shekara. Kusan biyu cikin uku gajeriyar tafiya suka yi, ta lokacin dogon hutu ko wadda ba ta wuce mako 8 ba. Kwasa-kwasan al'adun 'yan asalin ƙasa galibi a wannan rukuni suke. Malami ɗaya ko biyu za su ɗebi ayarin ɗalibai, a sha tafiyar kusan awa 13 a jirgi daga Los Angeles zuwa Auckland, a zaga ƙasar cikin mota, a koma gida kafin a buɗe sabon zangon karatu.

Niyu Zilan ta dace da wannan kasuwa saboda dalilai bayyanannu. Ana jin Turanci, akwai kwanciyar hankali, iyaye ba sa ɗaga hankali. Sannan al'adar Maori a fili take: a ƙidayar 2023, mutum 887,493 ne suka bayyana kansu a matsayin Maori, wato kashi 17.8 cikin 100 na jama'ar ƙasar, kuma harshensu yana cikin harsunan hukuma tun 1987. Baƙo zai gan shi a allunan filin jirgi, ya ji shi a labaran talabijin.

Abin da ke faruwa a marae

Zuciyar kusan kowane irin wannan kwas ita ce kwana a marae, wato filin taron dangi da gine-ginen da ke kewaye da shi. Ba a shiga marae kai tsaye. Baƙi za su taru a bakin ƙofa su jira, har sai wata dattijuwa daga masu gida ta ɗaga murya ta yi kiran da ake ce wa karanga, tana maraba da masu rai tana kuma ambaton mamatan ɓangarorin biyu. Wata mace daga cikin baƙi za ta amsa, ayari ya taka a hankali zuwa cikin fili. Daga nan sai jawabai, waɗanda a mafi yawan wurare maza ke yi, kowane jawabi a rufe shi da waƙa. Mai magana na ƙarshe daga baƙi zai ajiye koha a ƙasa, wato gudummawar da aka kawo wa masu gida, yau galibi kuɗi ne a ambulan. Sai a yi layi a yi hongi, a haɗa hanci da hanci. Ba a kammala karɓar baƙo ba sai an ci abinci tare, domin abincin ne ke ɗauke masa matsayin baƙunta ya mayar da shi wanda zai iya yawo a gidan.

Da dare ana kwana a wharenui, babban ɗakin taro mai sassaƙe-sassaƙe. Ana cire takalmi a ƙofa, ba a shiga da abinci, ba a zama a kan matashin kai. Za a gaya wa ɗalibai cewa ɗakin jikin wani kakan dangi ne: doguwar azarar da ta ratsa tsakiyar rufi ita ce ƙashin bayansa, ƙananan da suka sauko gefe haƙarƙarinsa, allunan da suka buɗe a gaba hannayensa. A jera katifu a ƙasa, malami da ɗalibi da direba duk a layi ɗaya. Kafin barci kowa zai miƙe ya gabatar da kansa da pepeha, inda Maori ke fara ambaton dutsensu, da koginsu, da jirgin ruwan da ya kawo kakanninsu, da ƙabilarsu, kafin su zo kan sunansu.

Ɗan shekara 20 da ya taso a unguwar bayan gari a Ohio, wanda wataƙila bai san sunan kakan kakansa ba, dole wannan dare ya girgiza shi. Girgizar gaskiya ce, kuma wannan maƙala ba ta raina ta. Tambayar ita ce me ake yi da ita idan aka zo rubutu.

Abin da rubutun ya saba ɗauka

Jami'o'i da yawa suna wallafa zaɓaɓɓun rubuce-rubucen ɗalibansu a intanet domin jawo na baya, don haka ba wuya a ga fasalinsu. Wanda ya karanta kaɗan zai fara hango na gaba tun kafin ya buɗe shi. Ɗalibi ya iso da fargaba da jahilci, an karɓe shi hannu bibbiyu, ya yi hawaye lokacin karanga ko hongi, ya gano cewa Maori suna daraja dangi da ƙasa fiye da mutanensu, ya koma gida ya zama wani mutum daban. Kalmar manaakitanga, wato karamci da kula da baƙo, ba ta cika ɓacewa a ciki ba. Sau da yawa akwai jimlar da ɗalibi ke kukan cewa shi ba shi da al'ada.

Wannan kukan ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda ya ce ba shi da al'ada ya ɗauki tasa rayuwar a matsayin ma'aunin da ake auna sauran, ya mayar da al'ada wani ado da wasu mutane ke sakawa. Yabo ne a fuska, amma ya ajiye Maori a gefen da ake zuwa kallo. Tun 1973 masanin zamantakewa Dean MacCannell ya yi bayanin yadda ɗan yawon buɗe ido ke farautar abin da yake ɗauka shi ne na ainihi, har masu masauki su koyi shirya masa shi. Ɗalibin da ke neman Maori na ainihi a ƙauye yakan manta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na Maori a birane suke zaune. A 1945 kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke birni. Cikin shekara 40 lamarin ya juye. Matar da ta yi karanga da safe tana iya zama lauya ko direbar bas a sauran ranakun mako, kuma da wuya rubutun ya tambayi wace ce ita idan ta bar marae.

Abin da ya saba bari

Babban giɓin shi ne ƙasa da doka. A ranar 6 ga Fabrairu 1840 aka fara sa hannu a Yarjejeniyar Waitangi tsakanin wakilin Sarauniyar Ingila, William Hobson, da shugabannin Maori, waɗanda daga ƙarshe suka haura 500. Kusan dukkansu rubutun harshen Maori suka sa wa hannu, wanda ya tabbatar musu da cikakken iko a kan ƙasarsu da dukiyarsu, alhali rubutun Turanci ya ce sun miƙa mulki ga Sarauniya. Bayan shekara 23 majalisar Turawan da suka zauna a ƙasar ta yi dokar ƙwace filayen ƙabilun da ta kira 'yan tawaye, aka karɓe fiye da eka miliyan 3. Kotun filaye da aka kafa a 1865 ta ƙarasa aikin cikin ruwan sanyi, ta hanyar mayar da filin dangi mallakar ɗaiɗaikun mutane domin a samu sauƙin saye. A ranar 5 ga Nuwamba 1881 dakaru kusan 1,600 suka shiga ƙauyen Parihaka, inda Te Whiti o Rongomai da Tohu Kakahi ke jagorantar turjiya ba tare da makami ba. Yara ne suka tarbe su da waƙa. An kama shugabannin, an rusa gidaje. Yau filin da ya rage a hannun Maori a matsayin na gado bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na ƙasar ba.

Harshen da ɗalibi ke jin daɗin koyon gaisuwa da shi ma da ƙyar ya tsira. Dokar makarantu ta 1867 ta fifita Turanci, kuma dattawa da yawa sun ba da shaidar dukan da suka sha a makaranta saboda sun yi magana da harshen iyayensu. Sai da aka kai wa majalisa takardar koke mai sa hannun mutum sama da 30,000 a 1972, aka buɗe makarantar renon yara ta farko da harshen Maori zalla a 1982, kafin a kai ga dokar 1987. Har yanzu fiye da rabin fursunonin ƙasar Maori ne, kuma tsawon rayuwarsu ya gaza na sauran jama'a da kusan shekara 7.

Ba a ɓoye wa ɗalibai waɗannan abubuwa. Suna cikin takardun da aka ba su su karanta, suna bangon gidan tarihi na Te Papa a Wellington. Wasu ma a kansu suke zaune ba su sani ba: harabar Jami'ar Waikato da ke Hamilton tana cikin filayen da aka mayar wa ƙabilar Waikato-Tainui a sulhun 1995, sulhun da ya kai dalar Niyu Zilan miliyan 170, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta sa hannu da kanta a dokar da ke ɗauke da neman gafarar ƙabilar. Jami'ar haya take biya. Amma idan aka zo rubutun waiwaye, labarin haya da kotu da eka yakan sha kaye a hannun labarin hawaye.

Haka abin yake a batun muhalli. Ɗalibai suna son labarin kogin Whanganui, wanda dokar 2017 ta ba shi matsayin mutum a gaban shari'a, kuma sukan kawo shi a matsayin shaidar kusancin Maori da halitta. Abin da ke faɗuwa a hanya shi ne mutanen kogin sun fara kai koke tun shekarun 1870, sun yi ta shari'a tsara bayan tsara. Dokar sakamakon naci ne da lauyoyi da siyasa.

Laifin tambaya

Me ya sa haka? Masu tsara kwasa-kwasan sun dogara da ra'ayin da ke da tushe mai kyau. David Kolb ya nuna a 1984 cewa abin da mutum ya gani ba ya zama ilimi sai ya waiwaye shi, ya fitar da ma'ana, ya gwada ta. Jack Mezirow kuma, tun 1978, ya yi bayanin yadda babban mutum ke sauya tunani idan ya ci karo da abin da ya rikita masa lissafi. Matsalar ta taso ne lokacin da aka mayar da sauyin tunani abin da ake ba wa maki. Idan tambayar ita ce yaya wannan tafiya ta sauya ka, kuma amsar tana da kaso a sakamakon jarrabawa, kuma wanda zai duba shi ne malamin da ya sha wahalar shirya tafiyar, to ɗalibi mai wayo ya san abin da zai rubuta. Ba ƙarya yake yi ba. Yana zaɓar gaskiyar da aka tambaye shi ne. Wanda ya ji gundura, ko ya ji haushin yadda aka zaunar da mata a layin baya lokacin jawabai, ko bai fahimci komai ba, zai haɗiye.

Akwai binciken da ya kamata ya rage wa masu shirya tafiye-tafiye zaƙewa. Michael Vande Berg da abokan aikinsa sun bi ɗalibai kusan 1,300 a aikin da aka sani da sunan Jami'ar Georgetown, suka wallafa sakamakon a 2009. Sun auna ɗaliban kafin tafiya da bayanta, maimakon su tambaye su ko sun sauya. Da yawa ba su ci gaba ba a fahimtar wata al'ada, wasu ma baya suka yi. Waɗanda suka fi ci gaba su ne masu yawan zama da wani jagora da ke taimaka musu su warware abin da suke gani. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma wannan bincike ya nuna gani kaɗai ba ya wadatarwa idan babu mai fassara wa baƙo abin da idonsa ya faɗa a kai.

Sai kuma batun gida. Ɗalibin da ya tsallaka teku don ya ga 'yan asalin ƙasa ya baro ƙabilu fiye da 570 da gwamnatin Amurka ta amince da su a hukumance. Rahoton ma'aikatar cikin gida ta Amurka na 2022 ya lissafa makarantun kwana 408 da gwamnati ta gudanar ko ta tallafa wa tsakanin 1819 da 1969 domin raba yaran 'yan asalin ƙasar da harshensu da iyayensu. Binciken da mujallar High Country News ta wallafa a 2020 ya nuna cewa dokar Morrill ta 1862 ta raba kusan eka miliyan 11 na filayen ƙabilu kusan 250 domin kafa jarin jami'o'i 52. Wasu daga cikin jami'o'in da ke tura ɗalibai marae suna cikin jerin. Eve Tuck da K. Wayne Yang sun yi gargaɗi a 2012 game da dabarun da zuriyar 'yan mamaya ke bi su wanke kansu ba tare da an taɓa maganar fili ba. Tausaya wa Maori daga nisan dubban kilomita yana iya zama ɗaya daga ciki, domin ba ya cin ɗalibi komai. Rubutun da ya fi ƙarfi shi ne wanda marubucinsa ya tsaya a pepeha ya rasa dutsen da zai ambata, ya koma ya binciko sunan mutanen da aka tasa daga garinsu. Akan samu irinsa, kuma galibi inda malami ya yi tambayar ne tun kafin a tashi.

Ɗaliban da su kansu 'yan asalin Amurka ne ko na Hawaii labarinsu daban ne. Sukan zo da tambayoyin aiki: yaya aka gina makarantun harshe, wa ke biyan malamai, yaya aka yi da gwamnati. Makarantun renon yara na harshen Hawaii da aka fara a shekarun 1980 daga na Maori suka ɗauki darasi. Sai dai irin waɗannan ɗalibai ba su kai kashi 1 cikin 100 na Amurkawan da ke fita karatu waje ba.

Ɓangaren masu gida

A duk wannan harka akwai waɗanda ba a cika jin ta bakinsu ba. Masu marae sun yi girki, sun shimfiɗa katifu, sun ba da labarin kakanninsu, wasu sun bar wurin aiki don su zo. Ana rubutu a kansu, a ba da maki, a ajiye a wata jami'a da ba za su taɓa gani ba. Linda Tuhiwai Smith, a littafinta Decolonizing Methodologies na 1999, ta nuna yadda bincike ya zama abin ƙyama a wurin al'ummomin da aka daɗe ana ɗibar iliminsu ba a mayar musu da komai. Rubutun ɗalibi ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da littafin masani, amma hanyar da yake bi ɗaya ce, daga marae zuwa waje. Masu karatun da suka taɓa saukar ɗaliban Turai ko Amurka masu koyon Hausa a Kano ko Zariya suna iya tambayar kansu sau nawa suka ga abin da baƙin suka rubuta bayan sun koma.

Maori sun riga sun samar da wata hanyar auna irin wannan koyo. Irihapeti Ramsden, ma'aikaciyar jinya, ta jagoranci tsarin da hukumar ma'aikatan jinya ta ƙasar ta shigar cikin manhajarta a 1992. Ginshiƙinsa shi ne majinyaci ne ke da hurumin cewa an mutunta al'adarsa, ba ma'aikacin da ya kula da shi ba, kuma ma'aikaci zai fara da binciken tasa al'adar da irin ikon da yake riƙe da shi. Idan aka ɗauko wannan ma'auni zuwa kwas, shaidar ɗalibi a kan kansa ba ta isa ba. Sai an ji daga waɗanda suka sauke shi.

Akwai kuma misalin Makereti Papakura. An haife ta a 1873, ta yi suna a matsayin jagorar baƙi a Whakarewarewa kusa da Rotorua, inda har yau ake kai ɗalibai kallon maɓuɓɓugan ruwan zafi da rawa. A 1901 ita ta zaga da yariman Ingila da matarsa. Ta san sarai abin da baƙo ke so ya gani, ta kuma san yawan kuskuren da Turawa suka rubuta a kan mutanenta. Daga baya ta shiga Jami'ar Oxford ta karanci ilimin al'adun ɗan Adam, ta tuntuɓi dattawanta a kan abin da za ta rubuta. Ta rasu a 1930 ana saura makonni a duba kundinta, aka buga shi a 1938 da sunan The Old-Time Maori. Sai a 2025 Oxford ta ba ta digirin. 'Yar gida ce, amma ba ta ga ta wuce neman izini ba.

Gyaran da maƙalar ke ba da shawara

Gyaran ba ya buƙatar ƙarin kuɗi mai yawa. A raba littafin sirri na ɗalibi, wanda ba a ba shi maki, da rubutun da za a duba. A na biyun a sauya tambaya: a ce ya ɗauki abu ɗaya da ya gani, ya bi tarihinsa, ya faɗi wanda ya ci riba da wanda ya yi asara. Rawar Maori da ake kira haka, wadda kowa ya sani daga 'yan wasan zari-ruga na All Blacks, ta isa misali. Wadda suka fi yi, Ka Mate, Te Rauparaha na ƙabilar Ngati Toa ne ya tsara ta wajen 1820, kuma sai a 2014 doka ta wajabta a riƙa danganta ta gare shi idan za a yi kasuwanci da ita. A ranar 14 ga Nuwamba 2024 'yar majalisa Hana-Rawhiti Maipi-Clarke, mai shekara 22, ta yaga kwafin ƙudirin da ke neman sake fassara ƙa'idojin Yarjejeniyar Waitangi, ta ja wannan haka ɗin a zauren majalisa. Bayan kwana biyar mutum kusan 42,000 suka yi tattaki zuwa harabar majalisar, kuma a Afrilun 2025 aka kayar da ƙudirin da ƙuri'a 112 a kan 11. Ɗalibin da aka koya wa buga ƙirji da zare ido a Rotorua, idan aka sa shi ya bi wannan zare, zai rubuta abin da ya wuce yadda tsigar jikinsa ta tashi.

Sannan a nemi yardar masu marae su karanta wasu daga cikin rubuce-rubucen su yi sharhi, a biya su ladan wannan aiki kamar yadda ake biyan mai duba jarrabawa daga waje, a kuma bar musu damar cewa ba su da lokaci. Lokacin rubutun ma a matsar da shi. Galibi ana karɓarsa cikin mako ɗaya ko biyu da dawowa, saboda ofishin jarrabawa na jiran maki kafin a rufe zango. Inda tsarin jami'a ya ba da dama, a riƙe wani kaso na makin sai bayan wata shida, a sa ɗalibi ya sake karanta abin da ya rubuta da farko, ya nuna wuraren da yanzu bai yarda da su ba, ya kuma haɗa da rahoton ziyarar da ya kai wa wata al'ummar 'yan asalin ƙasa da ke jiharsa.